Aro Ba da Sani Ba: Shawarwari ga Gidajen da Ke Ƙirƙirar Duniyar Wasan Labari

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons, kuma daga nan ne wasan labari na kan tebur ya bazu. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. Mai jan labari ya bayyana inda suke da abin da ya tunkaro su, 'yan wasa su faɗi abin da jarumansu za su yi, sai a jefa ɗan ludo, wani mai fuska 6, wani har 20, a ga ko abin ya yiwu. Babu kuɗi a ciki, babu wanda ya ci wani. Takarda da fensir da baki sun isa.

Gidaje da yawa ba sa tsayawa ga duniyoyin da kamfanoni ke sayarwa, sukan zana tasu taswirar, su raɗa wa garuruwa suna, su tsara sarakuna da dodanni. Abin yakan tafi daidai har ranar da wani zai ɗaga kai ya ce, "Ai wannan daga fim kaza ne." Sai gwiwar mai ƙirƙira ta yi sanyi, in yaro ne ma ya tura littafinsa ƙarƙashin katifa. Wannan ranar nake so mu shirya mata, domin tana nan tafe a kowane gida da ake wannan wasa.

1. Kada a kira yaro ɓarawo

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe labari, ta saki inda ta jiyo shi. Bayan shekara biyu ko uku labarin ya taso, mai shi ya ji kamar yanzu ya faɗo masa. Idan 'yarku ta rantse cewa ita ta ƙirƙiro birnin nan, mai yiwuwa gaskiyarta take faɗa iyakar saninta.

Abin da ya sami Helen Keller ya isa izina. Ba ta gani, ba ta ji, amma a 1891, tana da shekara 11, ta rubuta gajeren labari mai suna The Frost King, ta aika wa Michael Anagnos, shugaban makarantar makafi ta Perkins da ke Boston, a matsayin kyautar ranar haihuwarsa. Aka buga labarin, sai aka gano ya yi kama ƙwarai da wani na Margaret Canby, wanda bisa ga dukkan alamu an taɓa karanta mata shi a tafin hannu shekaru kaɗan kafin nan. Aka tsayar da ƙaramar yarinya gaban kwamitin mutum takwas suna yi mata tambayoyi. Huɗu suka gaskata ta, huɗu suka ƙi. A littafin tarihin rayuwarta na 1903 ta bayyana yadda ta daɗe tana fargabar cewa duk abin da ta rubuta, ko da wasiƙa ce ga mahaifiyarta, wataƙila ba nata ba ne. Ta yi rubuce-rubuce da yawa bayan haka, amma ƙagaggen labari ta bar shi.

Manya ma ba su tsira ba. A 1976 wata kotu a New York ta yanke cewa George Harrison na ƙungiyar Beatles ya kwaikwayi karin waƙar He's So Fine a cikin waƙarsa My Sweet Lord, kuma alƙalin da kansa ya yarda cewa ba da gangan ya yi ba. To in ƙwararren mawaƙi zai faɗa ciki, me za a ce da ɗan shekara 12? Idan kun gane inda abin ya fito, ku faɗa da sakin fuska: "Wannan ya tuna min da fim kaza, ka taɓa ganinsa? Ina naka ya bambanta?" Tambaya ta biyun ce za ta sa ya ci gaba da aiki.

2. Wanda aka fi yi wa aro shi ne wanda ke zaune kusa da kai

Wannan ce shawarar da na fi so ta zauna a ran kowa. A 1989 masu bincike biyu a Amurka, Alan Brown da Dana Murphy, suka zaunar da ɗalibai huɗu-huɗu, suna faɗin sunayen abubuwa bi da bi, kamar wasanni ko kayan kiɗa, da sharaɗin kada a maimaita abin da aka riga aka faɗa. Duk da sharaɗin, mutane suka riƙa kawo abin da wani ya faɗa suna ɗauka nasu ne, kuma wanda aka fi ɗaukar maganarsa shi ne wanda ya yi magana dab da kai. Dalilin a fili yake: lokacin da na kusa da kai ke magana, hankalinka yana kan abin da kai za ka faɗa, maganarsa ta shiga kunne amma sunansa bai shiga ba.

Ku kawo wannan cikin falonku. Auta ta ce, "Baba, a sa kogin ya riƙa gudu baya da daddare." Ba wanda ya tanka, Yaya yana neman fensir, Baba yana duba taswira. Bayan sati biyu Baba ya shigo da murna ya ce ya samo dabara, kogin ƙasar nan baya yake gudu idan rana ta faɗi, kowa ya yaba masa. Baba bai yi niyyar zalunci ba, amma Auta ta san abin da ya faru, kuma da wuya ta sake buɗe baki. A gidan da ƙarami ba ya gyara wa babba magana, irin wannan ba ya fitowa fili sam.

Maganinsa littafin gida ne mai sauƙi, irin na 'yan makaranta. A raba shafi gida uku: rana, abin da aka kawo, da wanda ya kawo. A ba wa mafi ƙanƙanta cikin waɗanda suka iya rubutu ya riƙe shi, ya rubuta nan take, har da shawarwarin da ba a karɓa ba, domin su ne ke dawowa daga baya a bakin wani. Ya kamata kuma mai jan labari ya riƙa ambaton mai abu a tsakiyar wasa: "Kun iso kogin Auta."

3. Ku jera abin da kuka karanta da abin da kuka kalla tun kafin a zana taswira

Gygax ya yi haka da kansa. A ƙarshen littafin jagoran masu jan labari na 1979 ya sa wani shafi da aka sani da Appendix N, inda ya jera marubutan da suka shige masa rai. Wanda ya bi jerin zai ga daga ina abubuwa suka fito. Bokan da ke haddace tsafi ya manta shi da zarar ya yi amfani da shi, daga littattafan Jack Vance yake. Dodon da namansa ke sake tsirowa sai in an ƙone shi, daga Three Hearts and Three Lions na Poul Anderson yake.

Ku zauna da yamma kowa ya faɗi biyar da suka fi tsaya masa a rai: littattafan yaƙi, finafinan Indiya, katun na Japan, wasannin waya, tatsuniyar kaka. A manna takardar a bangon littafin gida. Idan sabon tunani ya zo, a duba jerin tukuna. Yawancin aron da ba a sani ba daga cikin waɗannan yake fitowa.

4. Abin da ya fara zuwa a rai, a ajiye shi a nemi na uku

Sarki mai adalci da mugun waziri, maraya da ashe ɗan sarauta ne, takobin da ba mai zare shi sai mutum ɗaya. Suna zuwa da sauri ne saboda an sha jin su. Ku rubuta na farko, ku matsa wa kanku ku kawo na biyu da na uku, sannan ku zaɓa. Haka ma in kun tambayi manhajojin kwamfuta masu ƙirƙirar rubutu, abin da aka fi maimaitawa a duniya shi za su fara miƙo muku.

5. Idan aron ya tabbata, kada a yaga takarda, a yi masa tambayoyi

A ce 'yarku ta zana birni mai katanga uku, ɗaya cikin ɗaya, a waje kuma ƙattai masu cin mutane. Yayanta ya dube shi ya ce wannan Attack on Titan ne, katun ɗin Japan na Hajime Isayama da aka fara nunawa a 2013. Gaskiya ya faɗa. Amma ba Isayama ne ya fara tunanin mutane su fake bayan katanga ba. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu tun wajen ƙarni na 12, kuma an faɗaɗa ta har ta kewaye gonaki da fili, don in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya mutane su samu abin ci.

Sai ku zauna da ita ku tambaya. Da me aka gina katangar? In da ƙasa ce, damina tana cin ta, ke nan kowace shekara akwai aikin gayya na yaɓe. Wace unguwa ce ke yaɓe wane ɓangare, kuma wa ke biyan wasu su yi masa nasa? Daga ina ake haƙo ƙasar? In daga waje ne, to akwai masu fita tsakanin ƙattai su ɗebo ta, su wane ne su, kuma ana ba su aure a gari ko ana ƙyamar su? Rijiyoyi suna cikin wace katanga? Wa ke riƙe da makullin ƙofa, kuma me yake yi idan ɗansa ne ya makara a waje bayan magariba? Sai babbar tambaya: su ƙattan me suke so? Wataƙila ba nama suke bi ba, wataƙila an gina birnin ne a kan tafkin kanwar da kakanninsu ke lasa.

Kafin a amsa rabin waɗannan, birnin ya daina kama da na kowa. Ga masu yaɓe, ga masu ɗebo ƙasa, ga sarkin ƙofa da ɗansa, ga rigima a kan kanwa, kuma babu ɗaya da ke cikin katun ɗin. A ganina nan ne asalin ƙirƙira take a wannan wasa. Abin da aka fara da shi kusan kullum na aro ne, kamar irin shuka, amma wanda ya bi shi da tambayar me suke ci, wa ke biya, wa ke cutuwa, shi ne mai amfanin gonar.

Akwai aron da tambaya ba ta gyara shi. In jarumin yana da suna irin na wancan, tabo a wuri ɗaya, abokai biyu masu hali iri ɗaya, kuma labarin yana bin sawun wancan mataki-mataki, to an ɗauko abin ɗungurungum. A cire biyu daga ciki a ga abin da ya rage.

6. Ku yi aro da ido buɗe, kuma daga nesa

Mu Hausawa muna da malami a wannan fanni. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a shekarun 1930 da littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai a gabansa, kuma ba a ɓoye yake ba. Labarin Kalala da Kalalatu yana da tushe a tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, inda wata kuku ta cinye kaji biyu ta haɗa maigida da baƙonsa gudu. Amma wa ya taɓa karanta Kalala ya ji ƙamshin Jamus? Imam ya sauya gidan, ya sauya mutanen, ya sauya abin da ke ba su kunya da abin da ke ba su dariya. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma daga labarin jarumin Rasha Ilya Muromets ya samo asali.

Marubuci J.R.R. Tolkien, wanda rabin masu wannan wasa ke kwaikwayonsa ba su sani ba, shi ma haka ya yi. Sunayen jarumansa, Gandalf da Thorin da Fili da Kili, daga wata tsohuwar waƙar mutanen Aislan ya ɗebo su, kuma ɓarawon da ya sace kofi daga taskar dodo ya tayar masa da hankali yana cikin tsohuwar waƙar Beowulf ɗaruruwan shekaru kafin littafinsa The Hobbit ya fito a 1937. Abin lura shi ne bai tsaya kwaikwayon marubutan zamaninsa ba, can baya ya koma.

Wanda bai karanta komai ba sai littattafan yaƙi, littafin yaƙin wani zai sake rubutawa. Ku nemi kaya a inda sauran masu wasa ba sa zuwa. Ibn Battuta ya ratsa Taghaza a 1352, ya ba da labarin ƙauyen da gidajensa da masallacinsa an gina su da allunan gishiri, an rufa su da fatun raƙuma. Ayarin raƙuma da ke ratsa Tenere daga Agadez zuwa Bilma ɗauko gishiri ya isa ya riƙe wasa na wata shida. Ku tambayi marini yadda ake sanin baba ya nuna, ku tambayi kaka yadda ake gane rijiyar da za ta ƙafe. Har kayan wasan yara suna da amfani: wasu sanannun dodannin Dungeons & Dragons, kamar mai cin ƙarfe ya mai da shi tsatsa, daga wata jakar 'yan dabbobin roba masu arha aka samo siffarsu.

7. Suna ne ke fara tona asiri

Bugun farko na Dungeons & Dragons ya yi amfani da kalmomin Tolkien kai tsaye, hobbit da ent da balrog. A 1977 kamfanin da ke riƙe da haƙƙin kasuwancin littattafan Tolkien ya yi barazanar ƙara, aka mai da su halfling da treant da balor. Halittun suna nan, sunayen ne suka tafi.

Duk sunan da ya zo muku da daɗi a baki ba tare da wahala ba, ku rubuta shi a intanet ku gani kafin ku saba da shi. Don samun naku, ku ba kowace al'umma ƙa'ida: waɗannan sunayensu gaɓa biyu ne kuma suna ƙarewa da wasali, waɗancan suna sa sunan rijiyar garinsu bayan nasu. Da ƙa'ida a hannu ko ƙaramin yaro zai raɗa suna goma da suka dace da juna.

8. Wasa a gida daban, bugawa daban

In a falonku abin zai tsaya, ku ari abin da kuka ga dama, ku faɗi mai shi, shi ke nan. Ranar da aka fara maganar buga littafi, ko sayarwa, ko ɗorawa a YouTube, lissafi ya sauya. Dokar haƙƙin mallaka gabaɗaya ba ta kare tunani tsagwaronsa, yadda aka zuba shi take karewa: jimlolin marubuci, zanensa, taswirarsa, jarumansa da aka fayyace. Kowa na iya rubuta makarantar koyon tsafi, amma ba da ɗaliban wani da malamansa ba. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare rubutun adabi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa.

Ga masu son amfani da ƙa'idojin Dungeons & Dragons akwai hanya a buɗe. A Janairun 2023 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya saki kundin ƙa'idojin da ake kira SRD 5.1 ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar amfani da shi har a kasuwanci in dai ya ambaci mai shi. Sai dai ba komai ke cikin kundin ba, wasu dodanni irin su beholder kamfanin ya riƙe abinsa. In kuɗi zai shiga, a nuna wa lauya. A buɗe littafin gida kuma, duk wanda sunansa ke ciki ya fito a shafin farko.

9. Raini ma ana aronsa ba a sani ba

Wannan ya fi satar suna muni, kuma ya fi wuyar ganewa. Mai ƙirƙira yana buƙatar mutanen daji marasa wayo, ko 'yan kasuwa masu ha'inci, ko makiyaya masu sata, sai hannunsa ya kai ga abin da ya taso yana ji ana faɗa a kan wata ƙabila ta gaske. Ya ba su irin tufafinsu, irin karin harshensu, ya ce ai ƙage ne. Manyan kamfanoni sun faɗa wannan rami. A 2020 Wizards of the Coast ya amince cewa yadda ya siffanta mutanen Vistani a littafin Curse of Strahd ya ɗauko tsofaffin ƙage-ƙagen da ake yi wa 'yan ƙabilar Romani masu yawo na Turai, ya gyara rubutun. A 2022 ya sake ba da haƙuri a kan wasu halittu masu kama da birai da aka ba su tarihin bauta.

A gida, gwajin mai sauƙi ne. Idan mai jan labari ya sauya murya don ya yi maganar miyagu, a saurara da kyau: muryar wa yake kwaikwayo? In ta maƙwabcinku ce, ko ta mai kawo muku nono, ko ta mai gadin layinku, a sauya. Yara suna koyon wanda ake rainawa daga irin wannan wasa fiye da yadda suke koya daga nasiha. Kowace al'umma a duniyarku a ba ta mai kirki da mugu da matsoraci da mai ban dariya.

Haka nan abin da mutane ke girmamawa. Sunayen Allah da na annabawa da ayoyi ba kayan wasa ba ne, kuma abin ibadar wasu ma ba a mai da shi dodo. Iyaye su yanke tun farko me zai shiga duniyar, me ba zai shiga ba. Gidan da ba ya son jefa ɗan ludo yana iya rubuta lambobi 1 zuwa 20 a 'yan takardu a riƙa zara daga cikin hula.

10. A bar fili a taswira

Duniyar da mutum ɗaya ya cika ta shi kaɗai takan yi kama da littafin da ya fi so. Idan kai biyar suka sa hannu, aron kowa yana karo da na ɗan'uwansa, abin da zai fito kuma ba wanda ya taɓa ganinsa. Akwai wasannin da aka gina a kan haka. A Microscope na Ben Robbins, wanda ya fito a 2011, kafin a fara sai an yi jeri biyu, abin da aka yarda ya shiga da abin da aka hana, kowa ya sa nasa. A The Quiet Year na Avery Alder, na 2013, ana zana taswira ɗaya ne tare, kowa ya ƙara abu idan layi ya zo kansa.

Mai jan labari ya zana gari ɗaya da hanyoyi uku da suka fita daga cikinsa, ya tsaya nan. Idan jarumai suka kai mararraba, ya juya ga ɗaya daga cikin 'yan wasa ya ce, "Jarumarki 'yar wannan yanki ce, me ake sayarwa a kasuwar gaba?" Abin da ta faɗa ya zauna, ko da ya saɓa wa abin da ya shirya. Mai riƙe da littafi ya rubuta shi da sunanta, sati mai zuwa kuma a juya ga wani.